Wanne da Wanne Zan Kalla Kafin Na Ƙarshen?

Ranar 26 ga Afrilun 2019 kamfanin Marvel ya saki Avengers: Endgame a gidajen sinima na Amurka, fim mai tsawon awa 3 da minti 1, wanda ya zo rufe labarin da aka faro tun 2008. Kafin shi akwai fina-finai 21. In aka jera su kai da kai, ba hutu ba barci, mutum zai shafe kusan awa 45 a zaune. Wasu kuwa sun yi zaman: gidajen sinima na AMC a New York da Chicago da San Francisco sun shirya kallon awa 59, daga fim na farko har na ƙarshe, da ɗan hutu a tsakani. Amma yawancin mutane suna da aiki da iyali, mu nan kuma ga kuɗin data ga ɗaukewar wuta. Shi ya sa tambaya ɗaya ta yi ta yawo a lokacin, kuma har gobe tana fitowa daga bakin duk wanda ya makara: wanne da wanne zan kalla kafin na ƙarshen?

Amsa biyu ke saurin zuwa bakin wanda ba ya son wahala. Ko dai ya ce, "Kalli duka," ko ya ce, "Kalli Infinity War kawai, za ka gane." Babu wadda ta ci masa minti ɗaya na tunani. Ta farko ta ɗora wa mai tambaya kayan da ba zai iya ɗauka ba, ta biyu ta tura shi ya zauna cikin mutane suna ihu suna share hawaye, shi yana raba ido. Akwai mai amsa ta uku, kuma hannunsa nake so mu tsaya mu kalla. A kowace majalisar masu kallo akan sami irinsa. Wani lokaci yaron shagon tura fina-finai a waya ne, wani lokaci wata 'yar jami'a ce da ƙannenta suka mai da ita alƙaliyarsu. Ba ya amsawa nan take. Takarda da biro yake fara nema.

Fim ɗin ya daɗe da fita, don haka zan taɓa wasu abubuwa na cikinsa, domin ba yadda za a nuna aikin ba tare da su ba. Yadda aka ƙare dai, na bar wa mai kallo.

Abu na farko da gwanin yake aunawa ba fina-finan ba ne, mutumin da ke gabansa ne. Awa nawa gare ka daga yau zuwa ranar kallon? Da dare kake kallo bayan ka gaji, ko ranar hutu? Kana bin Turancinsu idan suka yi sauri, ko sai da rubutun da ke fitowa a ƙasa? Me ke riƙe ka a fim, faɗa ko ban dariya ko abin da ya taɓa zuciya? Sannan tambayar da ta fi kowacce tsada: wanne ka taɓa gani? A nan ba ya karɓar amsa sama-sama. Idan ka ce ka ga na mai garkuwar nan, sai ya ce wanne daga ciki, wanda aka yi faɗa a jirgin ƙasa cikin ƙanƙara, ko wanda aka rutsa shi a cikin lifta? Guda uku ne, kuma kowanne da abin da yake ɗauke da shi. Daga amsarka zai san ko ya soke layi ɗaya a takardarsa, ya ceto maka awa 2 da 'yan kai.

Sai ya juya takardar ya fara daga ƙarshe. Wannan shi ne sirrin aikin gaba ɗaya. Wanda bai ƙware ba yakan faro daga fim na ɗaya yana tambayar kansa ko wannan ya yi daɗi. Gwani yakan zauna da Endgame a ransa, fitowa bayan fitowa, yana tambaya: me mutum yake bukatar ya riga ya gani kafin wannan wurin ya yi aiki a kansa? A wurinsa fim na ƙarshe ranar biyan bashi ce. Shekara goma sha ɗaya masu rubutun suna cin bashin masu kallo, nan alƙawarin da ba a cika ba, can gabar da ba a sasanta ba, ga kuma kalmar da aka jefa aka wuce. Wanda ba ya nan lokacin da aka ci bashin, ba zai ji komai ba ranar da aka biya. Don haka aikin shi ne a gano manyan basukan, a kuma gano fim ɗin da aka ci kowanne.

Yakan raba takardar gida uku. Gidan farko na duwatsu ne. Labarin duka yana zagaye wasu duwatsu shida masu iko, waɗanda babban bos ɗin, Thanos, yake son haɗawa a safar hannu ɗaya. Gwanin ya san inda kowanne ya bayyana ba tare da ya duba ko'ina ba. Dutsen Sarari, wanda ke buɗe hanya daga wata duniya zuwa wata, yana cikin wani ɗan akwati mai shuɗin haske a Captain America: The First Avenger na 2011. Dutsen Hankali yana kan sandar Loki a The Avengers na 2012, daga baya ya koma goshin Vision. Dutsen Zahiri ya fito a siffar jan ruwa mai yawo a Thor: The Dark World na 2013. Dutsen Ƙarfi yana cikin wata ƙwallon ƙarfe a Guardians of the Galaxy na 2014. Dutsen Lokaci yana rataye a wuyan Doctor Strange a fim ɗinsa na 2016. Dutsen Rai kuwa ba a gan shi ba sai a Infinity War na 2018. Wannan gidan yana da nauyi saboda a Endgame jaruman suna komawa baya cikin lokaci don su ɗauko duwatsun, wato suna shiga cikin tsofaffin fina-finan da ƙafarsu: New York ta 2012, Asgard, ƙasar Thor, ta 2013, duniyar Morag ta 2014. Akwai wurin da aka nuno Peter Quill, jarumin Guardians, yana rawa shi kaɗai cikin kango, ana hango shi daga nesa, ba a jin kiɗan da ke kunnensa. Wanda ya ga buɗewar Guardians zai kwashe da dariya. Wanda bai gani ba, wani mutum kawai zai gani yana tsalle.

Gida na biyu na mutane ne, kuma a nan ya fi daɗewa. Ba sunaye yake rubutawa ba, abin da ke tsakaninsu yake rubutawa. Tony Stark (Iron Man) da Steve Rogers (Captain America): me ya raba su? Amsar tana cikin Captain America: Civil War na 2016, inda gwamnatocin duniya suka nemi su sa wa jaruman linzami, Tony ya yarda, Steve ya ƙi, daga ƙarshe kuma ta bayyana cewa aminin Steve, Bucky, shi ne aka juya wa ƙwaƙwalwa ya kashe iyayen Tony a 1991. In babu wannan, fushin da Tony ya zo da shi a farkon Endgame sai ya zama kamar rashin kirki kawai. Thor: me ya karya shi? Mahaifiyarsa ta tafi a The Dark World, mahaifinsa da gudumarsa da idonsa ɗaya da ƙasarsa gaba ɗaya suka tafi a Thor: Ragnarok na 2017. Gamora da Nebula: 'yan'uwan riƙo ne da Thanos ya rena yana haɗa su faɗa. Kowane layi a wannan gidan, gwanin yakan ja masa kibiya zuwa fim guda da ya fi nuna shi ƙarara. Idan kibau uku suka faɗa kan fim ɗaya, wannan ya tsira daga yanka.

Gida na uku shi ne ke ba ni mamaki, domin nan ne ake gane wanda ya yi kallo da natsuwa. Ƙananan abubuwa ne, na daƙiƙu kaɗan. A ƙarshen The First Avenger, Steve yana cikin jirgin da zai faɗa da shi cikin ƙanƙara, ya yi wa masoyiyarsa Peggy Carter alƙawarin rawa ta rediyo, ya kuma farka bayan kusan shekara 70. A buɗewar The Winter Soldier na 2014, yana gudun motsa jiki a Washington yana ta wuce wani baƙo, Sam Wilson, duk zagaye sai ya faɗa masa kalma uku. A Age of Ultron na 2015, jaruman suna hira bayan walima, kowa ya gwada ɗaga gudumar Thor ya kasa, da Steve ya kama sai ta ɗan motsa kaɗan, murmushin Thor ya ɗauke na ƙiftawar ido. A ƙarshen Iron Man na 2008, an ba Tony takardar ƙaryar da zai karanta wa 'yan jarida, ya dube ta, ya ajiye, ya faɗi gaskiya a jimla guda. Dukkansu an dawo musu a Endgame, kuma a nan ne sinima take tashi da ihu. Gwanin yana riƙe da su a ka, yana kuma auna wanne ya kai a sayar masa da awa 2.

Akwai wata dabara da ba kowa ya san ta ba: duba sunayen da ke bayan kyamara. 'Yan'uwan nan biyu, Anthony da Joe Russo, su suka ba da umarnin The Winter Soldier da Civil War da Infinity War da Endgame. Christopher Markus da Stephen McFeely su suka rubuta huɗun duka, su ne kuma suka rubuta The First Avenger, suna cikin marubutan The Dark World. Marubuci ya fi tuna zaren da shi da kansa ya saka. Da zarar gwanin ya ga wannan, ya san inda fim na ƙarshe zai fi yawan waiwaya tun kafin ya ƙirga. Faɗan lifta na The Winter Soldier, inda mutanen ƙungiyar asiri ta Hydra suka yi wa Steve ƙawanya, an sake gina shi a Endgame da fuskoki iri ɗaya, mai kallo ya gyara zama yana jiran duka, sai aka warware shi da raɗa ɗaya a kunne. Masu rubutun sun san wanda ya ga na farko ne kaɗai zai ji daɗin na biyu.

Yanzu sai yanka. Wasu ba sa ba da wahala. The Incredible Hulk na 2008 yakan fara fita, domin ko ɗan wasan ma an canza: Edward Norton ne a ciki, Mark Ruffalo ya karɓa daga 2012. Iron Man 2 da Iron Man 3 da Spider-Man: Homecoming sukan bi shi. Wahalar tana wajen fina-finai biyu, kuma a nan ne nake ganin gaskiyar gwani. Black Panther na 2018 yana cikin mafi kyawun abin da Marvel ta taɓa yi. Ya ci kyautar Oscar 3, an sa shi takarar fim mafi kyau na shekara, kuma ga ɗan Afirka yana da wani matsayi na daban. Duk da haka gwanin yakan ajiye shi gefe idan lokaci ya ƙure, domin an riga an gabatar da jarumin fim ɗin, T'Challa, a Civil War, an kuma nuna ƙasarsa Wakanda a Infinity War. Yakan rubuta a gefen takardar: wannan ka kalle shi daga baya, don kansa, ba don shiri ba. The Dark World kuwa, wanda masu sharhi da yawa suke sa shi a ƙasan jeri, yakan riƙe shi a hannu ya daɗe bai sake ba, saboda hirar da Thor ya yi da mahaifiyarsa Frigga a Endgame ta faru ne a ranar da za a kashe ta, kuma wannan ranar tana cikin The Dark World. Mutum ya iya cire fim ɗin da yake ƙauna, ya bar wanda bai burge shi ba, saboda buƙatar wani, wannan ba ƙaramin horon kai ba ne.

Age of Ultron ne ke hana shi barci. Yana da tsawo, minti 141, labarinsa kuma ya cika kaya. Amma a nan aka haifi Vision, a nan Wanda ta shigo, a nan gudumar ta motsa, a nan kuma aka fara ganin gonar Clint Barton, ɗaya daga cikin jaruman, da matarsa da 'ya'yansa, kuma da wannan iyalin Endgame ya buɗe. Ni a ganina, ga wanda ya ce abin da ya taɓa zuciya yake nema, a bar masa shi ko da za a cire wani. Ga mai son faɗa kawai, ana iya ba shi labarin da baki.

Ba da labari da baki ma fanni ne a cikin aikin. Kowane fim da aka cire yakan bar rami, gwanin kuma yana cike shi da jimla biyu ko uku a daidai lokacin da ya dace. Kafin ka fara Infinity War zai ce maka: akwai wani likitan tiyata da hannayensa suka lalace a haɗarin mota, ya tafi Nepal neman magani ya dawo da ilimin sihiri, koren dutsen wuyansa yana juya lokaci. Shi ke nan, minti 115 sun zama daƙiƙa ashirin. Amma ya san iyakar wannan. Bayani ana iya faɗa, shaƙuwa ba a faɗarta. Ba za ka iya gaya wa mutum ya damu da Steve da Peggy ba, sai ya zauna da su. Gani ya kori ji. Shi ya sa taƙaitaccen bidiyon minti goma na YouTube, wanda malalaci yake tura maka ya ce ya gama taimakonka, yake cika kai da sunaye ya bar zuciya fayau. Kuma duk bayanin nan gwanin yana yin sa ne yana taka-tsantsan da harshensa. Ba zai taɓa ce maka ka lura da gudumar nan ba, domin faɗin hakan ma tona asiri ne. Abin da zai ce kawai shi ne, kada ka tashi ɗebo ruwa lokacin hirar walimar. Su kansu 'yan'uwan Russo sai da suka fitar da wasiƙa kafin fitowar fim ɗin suna roƙon masu kallo kada su ɓata wa wasu.

Saura jeri. Hanya biyu ce: a bi yadda aka fito da fina-finan, ko a bi shekarun da labarin ya faru. Ta biyu tana da ban sha'awa a ido, a fara da The First Avenger na zamanin Yaƙin Duniya na Biyu, a bi da Captain Marvel da aka kafa a 1995. Gwanin ba ya ba sabon mai kallo ita, kuma dalilinsa yana cikin wata al'ada ta Marvel. Bayan fim ya ƙare, sunayen ma'aikata sun fara hawa, akan saƙa wata 'yar gajeriyar fitowa a tsakiyar sunayen ko a ƙarshensu, wadda ke leƙa abin da ke tafe. Tun Iron Man aka fara, inda Nick Fury ya bayyana a falon Tony da maganar haɗa tawaga. A irin wannan wurin aka fara nuna fuskar Thanos a 2012. To, ta Captain Marvel tana faruwa ne bayan Infinity War, ta Ant-Man and the Wasp kuma daidai lokacin ƙarshensa. Wanda ya kalle su da wuri ya ga ƙarshen labari tun bai san farkonsa ba. Don haka a gefen kowane fim gwanin yakan sa alama: nan ka jira sunaye su wuce, nan kuma kada ka kuskura. Na Ant-Man and the Wasp yakan cire fim ɗin gaba ɗaya ya bar wannan 'yar fitowar kaɗai, a kalle ta bayan Infinity War, domin ita ce ta nuna yadda Scott Lang, wato Ant-Man, ya maƙale a wata duniya da ta fi ƙwayar zarra ƙanƙanta, inda lokaci ba ya tafiya yadda muka sani. Ta wannan ƙofar Endgame ya samo mafitarsa.

Daga nan sai lissafi, wanda yake yi da mintuna ba da yawan fina-finai ba. Ga mai Asabar ɗaya tak, guda uku: The Avengers, Civil War, Infinity War, awa 7 da minti 19, sauran kuma da baki. Ga mai mako guda, takwas: Iron Man, The First Avenger, The Avengers, The Winter Soldier, Guardians of the Galaxy, Civil War, Ragnarok, Infinity War, kusan awa 18. Ga mai mako biyu sai ya mai da Age of Ultron da Ant-Man da Doctor Strange da The Dark World, kowanne a gurbin shekararsa, jimla awa 26. Ba ya yarda a haɗa masu nauyi biyu a dare ɗaya. Yana so Ragnarok da Infinity War su zo dab da juna, domin jirgin da aka bari a sararin samaniya a ƙarshen na farko, a cikinsa na biyu ya buɗe. Yana kuma so a bar aƙalla kwana ɗaya tsakanin Infinity War da Endgame. Waɗanda suka kalla a sinima shekara guda cur suka jira da abin da suka gani a ransu, kuma yana ganin ko ɗanɗanon wannan jiran ya kamata sabon mai kallo ya samu.

Aikin bai ƙare da 2019 ba. Endgame ya tara kusan dala biliyan 2.8, Marvel ta ci gaba, fina-finanta yanzu sun haura 30, ban da masu dogon zango na Disney+. A Yulin 2024 aka sanar cewa 'yan'uwan Russo za su dawo da sababbin fina-finan Avengers, Robert Downey Jr. kuma zai dawo, wannan karon a matsayin bos, Doctor Doom. Takardar da za a cike kafin wannan ta fi ta baya tsawo nesa ba kusa ba. Idan kana da mai irin wannan hannun a kusa da kai, je masa da wuri, ka gaya masa gaskiyar awoyin da kake da su da abin da ka taɓa gani, sannan ka bi jerin yadda ya rubuta maka, kada ka tsallake.